Me ya zaunar da Turawan Holan a Afirka ta Kudu, alhali 'yan Fotugal ne suka riga su zuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare. Ina cikin koyar da zuwan Turawa Afirka sai wata ɗaliba ta yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Ta ce tunda 'yan Fotugal ne suka fara kewaya ƙuryar kudancin Afirka, me ya hana su zama, sai Turawan Holan da suka zo daga baya can? Kuma da ma da niyyar ƙwace ƙasar suka taso daga gida? Don Allah a warware mini."

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa ɗalibar nan taki albarka, domin tambaya biyu ta haɗa a ɗaya: me ya sa na farko ya wuce, kuma me ya sa na biyu ya tsaya har ya yi saiwa. Amsata a taƙaice ita ce, ba wanda ya taso daga Turai a wancan zamani don sha'awar kudancin Afirka. Idon kowa yana kan Indiya da tsibiran Indonesiya, inda masoro da kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi suke. Abin da Turawan Holan suka kafa a 1652 zango ne na jiragen wani kamfani, kuma masu kamfanin sun yi ta ƙoƙarin kada ya wuce zango. Lissafin riba da asara ne ya mayar da shi ƙasar mallaka. Wannan bai wanke kowa ba, kuma zan zo kan dalili.

Dalilin da 'yan Fotugal suka wuce

Bartolomeu Dias ne ya fara kewaya ƙuryar a 1488. Bayan shekara goma, a 1498, Vasco da Gama ya bi wannan hanya har ya sauka Kalikut a Indiya. Daga nan jiragen Fotugal suka riƙa zirga-zirga, wani lokaci su tsaya ɗiban ruwa a gaɓar da birnin Kef Tawun yake a yau. To amma me za su tsaya yi? Babu zinariya kamar ta Elmina, inda suka gina ganuwa tun 1482. Babu birnin kasuwa irin Kilwa ko Mombasa. Teku a wurin ga haukar iska. Mutanen wurin, wato Khoikhoi, makiyaya ne masu shanu da tumaki, kuma ba kanwar lasa ba ne. A 1510 Francisco de Almeida, babban wakilin sarkin Fotugal a Indiya, ya tsaya a wurin kan hanyarsa ta komawa gida. Rigima ta tashi tsakanin mutanensa da wani ƙauye, ya ja dakaru don ya hukunta su, sai Khoikhoi suka koro musu shanun da suka horar, suka bi bayan shanun da masu da duwatsu. Aka kashe shi da mutanensa sama da hamsin a bakin ruwa. Tun daga ranar wurin ya yi baƙin suna a wajensu. Kuma ba su rasa madadi ba: a tafiya suna da tsibirin Mozambik, a dawowa suna da tsibirin Santa Helena.

Yadda 'yan Holan suka shigo cinikin

Da farko 'yan Holan dillalai ne kawai. Su sayi kayan ƙamshi a Lisbon, su rarraba a arewacin Turai. Amma tun 1568 suke yaƙin neman 'yanci da Sifaniya, sai ga shi a 1580 sarkin Sifaniya, Filib na biyu, ya haɗa da sarautar Fotugal. Kasuwarsu ta koma hannun abokin gaba. Sai suka ce bari su je tushe da kansu. Wani ɗan Holan, Jan Huygen van Linschoten, wanda ya yi wa babban limamin Katolika na Goa aikin magatakarda, ya dawo gida da bayanan hanyoyin ruwa da 'yan Fotugal ke ɓoyewa, aka buga su a Amsterdam. A 1595 Cornelis de Houtman ya tashi da jirage huɗu zuwa Jawa. Cikin mutum kusan 250 da suka tafi, waɗanda suka dawo a 1597 ba su kai ɗari ba. Duk da haka an ga hanya ta buɗe, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta tasowa suna karya wa juna farashi.

A 1602 hukuma ta haɗe su wuri ɗaya, aka samu Kamfanin Gabashin Indiya na Holan, wanda ake taƙaita sunansa da VOC. Jarinsa ya haura gilda (kuɗin Holan na lokacin) miliyan shida, kuma jama'a ne suka sayi hannun jari. Daraktoci goma sha bakwai ke juya shi. Malama, ki ja hankalin ɗalibanki kan takardar izinin kamfanin nan, don a nan komai ya ɓuya: an ba shi ikon gina ganuwa, da ɗaukar soja, da ƙulla yarjejeniya da sarakuna, da yin yaƙi. Ɗan kasuwa ne mai igwa. Abin da Jan Pieterszoon Coen ya yi ya isa shaida. A 1619 ya rushe Jayakarta ya gina Batabiya a kanta, wato Jakarta ta yau, a 1621 kuma ya kusa ƙarar da mutanen tsibiran Banda, masu yawan kusan dubu 15, don kamfani ya mallaki gyaɗar ƙamshi shi kaɗai.

Akwai wani abu na fasahar tuƙi da littattafan makaranta kan tsallake, alhali shi ne ya ɗaga darajar Kef, wato wannan ƙurya ta kudancin Afirka. A 1611 Hendrik Brouwer ya gano cewa idan jirgi ya kewaya ƙuryar Afirka, maimakon ya hau arewa ta gefen Mozambik, gara ya miƙe gabas cikin iskar yamma mai ƙarfi da ke kaɗawa a kudancin tekun, sai can ya karya arewa zuwa Jawa. Tafiyar da kan ci kusan shekara ta ragu da watanni. Kamfani ya wajabta wa matuƙansa wannan hanya. (Waɗanda suka makara wajen karya kwana su ne suka yi ta cin karo da yammacin Ostareliya, irin Dirk Hartog a 1616.) A kan sabuwar hanyar, Kef ce ƙasa ta ƙarshe kafin doguwar tafiya a ruwa tsantsa. Ga shi kuma 'yan Holan sun kai wa tsibirin Mozambik hari a 1607 da 1608 sun kasa karɓewa. Idan na zo nan a aji, taswira nake shimfiɗawa in ba ɗalibi alli ya ja hanyoyin biyu. Da ya ja, shi da kansa yake ba da amsar rabin tambayar.

Zangon 1652

Matsalar matuƙa ita ce wani ciwo da ke kama wanda ya yi watanni bai ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba: dasashi ya kumbura, haƙora su zube, tsofaffin raunuka su buɗe, mutum ya mutu. A 1647 wani jirgin kamfani mai suna Haerlem ya lalace a gaɓar Kef, mutum wajen sittin suka zauna kusan shekara suna jiran a kwashe su. Suka shuka ganyaye suka yi kyau, suka yi musayar kaya da Khoikhoi lafiya. Rahoton da shugabansu Leendert Janszen ya kai gida shi ne ya shawo kan daraktoci.

Wanda aka ba aikin, Jan van Riebeeck, ba wani gwarzon mai binciken ƙasashe ba ne. Ma'aikacin kamfani ne da aka taɓa kora saboda yin cinikin kansa a Tonkin, arewacin Vietnam ta yau, yana neman hanyar gyara suna don a mayar da shi Gabas inda kuɗi yake. Ya iso ranar 6 ga Afrilu 1652 da jirage uku da mutum wajen casa'in. Umarnin da aka ba shi ɗan kaɗan ne: ya gina ƙaramar ganuwa, ya yi lambu, ya sayi dabbobi, ya zauna lafiya da mutanen wurin. Lambun yana nan har gobe a tsakiyar Kef Tawun.

Yadda zango ya ci ƙasa

Nan ne nake so ki fi dakatawa da ɗalibai, domin mataki-mataki abin ya tafi, kowane mataki yana neman toshe ramin da na baya ya haƙa.

Ramin farko nama ne. Kamfani ya ɗauka makiyayi zai yi ta sayar da shanu muddin ana ba shi tagulla da taba da duwatsun ado. Ba su fahimci makiyayi ba. A wurin Khoikhoi saniya ce dukiya, ita ce sadaki, ita ce daraja. Zai iya rabuwa da tsohuwa ko gurguwa, amma ba zai taɓa uwar garke ba. Idan ya samu tagullar da ta ishe shi, ciniki ya ƙare. Su kuwa jirage kowace shekara suna zuwa da dubban bakuna. Ga shi kuma kiwon na yawo ne, garken na zuwa yankin da bazarar can, su tashi idan lokaci ya yi. Van Riebeeck ya iso ana gab da shiga hunturunsu mai ruwa da sanyi, manyan garkuna sun yi nisa. Mutanensa suka sha yunwa, har naman tsuntsayen teku suka ci, wasu suka mutu. Tun shekarar farko ya rubuta cewa abu ne mai sauƙi a ƙwace shanun a kama masu su a bayi. Daraktoci suka hana. Ba tausayi ba ne, yaƙi tsada gare shi.

Rami na biyu hatsi ne. Sojoji da matuƙan da ke karɓar albashi ba su iya noma ba, ba su kuma damu ba, har sai da aka riƙa kawo shinkafa daga Batabiya don ciyar da zangon da aka kafa don ya ciyar da wasu. Sai aka yi dabara: a Fabrairun 1657 aka sallami mutum tara daga aiki, aka yanka musu gonaki a bakin kogin Liesbeek, su noma da kuɗinsu, su sayar wa kamfani a farashin da kamfani ya yanka. A takarda, rage kashe kuɗi ne. A ƙasa kuwa, ranar ce aka haifi Bature mazauni, wanda ba ya jiran jirgin komawa gida, wanda 'ya'yansa za su buƙaci tasu gonar. A ganina 1657 ta fi 1652 muhimmanci, ko da yake ta biyun ce ake haddacewa don jarrabawa. Kuma don ki ga yadda tunanin manyan kamfani yake, a waɗannan shekarun wani babban jami'i da ya zo duba wurin, Rijckloff van Goens, ya ba da shawarar a haƙa magudanar ruwa a yanke yankin daga jikin Afirka ya zama tsibiri. Ba a yi ba, amma shawarar ta nuna abin da suke so: ruwa da ganye da nama, ba nahiya ba.

Rami na uku hannun aiki ne. Manoman nan ba su da ma'aikata, an kuma hana bautar da Khoikhoi. Sai aka kawo bayi daga waje. A Maris 1658 jirgin Amersfoort ya sauke bayi wajen 170 'yan Angola da ya ƙwace daga wani jirgin Fotugal, da yawansu yara ne. Bayan wata biyu jirgin Hasselt ya kawo 228 daga Popo, a gaɓar ƙasar Benin ta yau. Daga baya aka koma kwaso su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da Indonesiya. Kafin a hana cinikin a farkon ƙarni na 19 an shigo da sama da dubu 60, kuma tun farkon ƙarni na 18 yawan bayi ya kamo na Turawa mazauna har ya ɗara.

Gonakin Liesbeek kuwa a kan makiyaya da mashayar Khoikhoi aka yanka su. A 1659 yaƙi ya ɓarke ƙarƙashin wani mai suna Doman, wanda ya yi wa kamfani tafinta har aka kai shi Batabiya ya ga yadda suke yi da mutane a can. Ya lura cewa bindigoginsu da igiya mai ci da wuta ake kunna su, don haka sai ya riƙa kai hari ana ruwa. Da aka zauna sulhu a 1660, littafin da ofishin van Riebeeck ke rubuta abubuwan yau da kullum ya adana muhawarar. Shugabannin Khoikhoi suka yi tambaya: da su ne suka je Holan suka yi haka, za a bar su? Da aka ce musu ciyawa ba za ta ishi garken kowa ba, suka ce to wa ya kamata ya ja da baya, mai ƙasa ko baƙo? Amsar da aka ba su ita ce ƙasar an ci ta da takobi, kuma ba za a mayar ba. Daga nan aka shuka shingen itatuwa a matsayin iyaka, wanda guntunsa ke nan a lambun Kirstenbosch. Wannan shi ne dalilin da na ce rashin niyyar farko bai wanke kowa ba. An gaya musu gaskiya ido da ido, sun ji, sun rubuta, sun ci gaba.

Duk lokacin da na kawo wannan a aji sai wani ya ce, "Malam, ai rikicin manoma da makiyaya ne irin namu." Akwai kama, tunda gona ce ta toshe hanyar kiwo da ruwa. Amma ina jan kunnensu. A can, manomi ɗaya ne da mai bindiga, da alƙali, da mai sayen amfanin gona, da mai rubuta tarihin, kuma dukkansu na kamfani ɗaya ne da ke wata nahiya.

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. An gina babbar ganuwar dutse tsakanin 1666 da 1679. An yi yaƙi na biyu daga 1673 zuwa 1677 da Gonnema, shugaban Cochoqua, wani reshe na Khoikhoi, aka kwashe masa dubban dabbobi. Simon van der Stel, shugaban kamfani a Kef, ya kafa Stellenbosch a 1679, gari na farko da Turawa suka kafa can cikin ƙasa, nesa da bakin teku. Daga 1688 aka kawo Faransawa 'yan Furotesta wajen ɗari biyu da suka gudu daga ƙasarsu, aka ba su filayen inabi. A 1713 cutar agana ta shigo ta jirgi ta yi wa Khoikhoi mummunar ɓarna, da yawa cikin waɗanda suka rage, ba shanu ba ƙasa, suka koma barori a gonakin Turawa.

Me ya sa ba a yi haka a ko'ina ba

Hanya mafi kyau ta gwada wannan bayani ita ce a duba sauran wuraren da 'yan Holan suka je. A Elmina, wadda ɗaya kamfaninsu na Yammacin Indiya ya ƙwace daga Fotugal a 1637, sun zauna har 1872, amma ba su taɓa zama manoma mazauna ba. Zazzaɓin cizon sauro da shawara na kashe Turawa kamar ƙudaje, ga dauloli masu yawan jama'a da bindigogi, har sai da suka riƙa biyan kuɗi ga sarakunan yankin, daga baya ga Asante. Sai suka tsaya cikin ganuwa suna sayen zinariya da bayi. A Kef kuwa babu zazzaɓin, alkama da inabi na yi kamar a kudancin Turai, mutanen wurin kuma ƙabilu ne a warwatse da ake iya haɗa wannan da wancan.

A Amurka kuwa, Henry Hudson, Baturen Ingila da VOC ta ɗauka haya, hanyar Asiya yake nema a 1609 ya faɗa kogin da ke ɗauke da sunansa yau. Fatun wata dabbar ruwa da ake yin huluna da gashinta ne suka jawo 'yan kasuwa. A 1626 aka ba 'yan asalin wurin kayan da suka kai gilda 60 a kan tsibirin Manhattan, aka gina Sabuwar Amsterdam. Amma 'yan Holan ba su cika son ƙaura ba, don a lokacin ƙasarsu ce ta fi ko'ina arziki da sassaucin addini a Turai. Mazaunan ba su kai dubu goma ba lokacin da jiragen Ingila suka zo a 1664, gwamna Peter Stuyvesant ya miƙa wuya ba a yi harbi ba, garin ya koma New York. A sulhun Breda na 1667 'yan Holan suka bar wa Ingila wurin, su kuma suka riƙe Suriname mai rake da ɗan tsibirin Run mai gyaɗar ƙamshi. Yau abin kan ba mutane dariya, amma a ma'aunin ɗan kasuwar lokacin su ne suka ci riba. Kef ba ta taɓa kawo wa kamfani riba ba, sai dai ba za a iya sakinta ba muddin jirage na zuwa Batabiya. Ta zauna a hannunsu har Ingila ta karɓe a 1795, ta mayar musu, sannan ta sake karɓewa a 1806.

Iyakar abin da takardu za su ba mu

Ki gaya wa ɗalibanki cewa kusan duk abin da na kawo daga takardun kamfanin ya fito. Khoikhoi na wancan ƙarni ba su bar rubutu ba. Ko maganar da suka yi a zaman sulhu ta bi ta bakin tafinta, sannan ta alƙalamin magatakardan abokin gaba, wanda yake rubuta wa iyayen gidansa abin da zai kare kansa. Idan ina karanta fassarar littafin yau da kullum ɗin, duk inda na ga an ce wani "ɓarawon shanu" ne, nakan tsaya in tambayi kaina shanun na wa ne shekara biyar kafin ranar. Haka labarin Krotoa, yarinyar da ta tashi a gidan van Riebeeck ta zama babbar tafinta, aka yi mata baftisma a 1662, ta auri Bature, ta ƙare a tsare a tsibirin Robben, ta rasu a 1674. Masana na jayayya har yau kan ko wane ɓangare take yi wa aiki, don ba mu da muryarta sai yadda wasu suka ji ta.

Akwai kuma wani reshe na labarin da na ga yana tayar da ɗalibanmu daga gyangyaɗi. Kamfanin ya mayar da Kef wurin jefa waɗanda suka yi masa tawaye a Gabas. Cikinsu akwai Shehu Yusuf na Makassar, malami kuma sufi, wanda ya yaƙi 'yan Holan a Banten, a tsibirin Jawa. Aka kama shi aka kai Silon, wato Siri Lanka, da aka ga har can mabiya na zuwa wurinsa sai aka ƙara nisanta shi zuwa Kef a 1694, shi da mutanensa 49. Aka ajiye su a wata gona mai suna Zandvliet, nesa da gari, don kada ya haɗu da bayi. Bayi Musulmi suka riƙa nemansa duk da haka. Ya rasu a 1699, unguwar kuma Macassar ake kiranta yanzu, ana ziyartar hubbarensa. Musulmin Kef Tawun na ɗaukarsa uban Musulunci a ƙasar, kuma a makarantun jikokin waɗannan bayi da 'yan gudun hijirar dole ne aka riƙa rubuta harshen Afrikaans, wanda ya samo asali daga harshen Holan, da haruffan Larabci a ƙarni na 19, kamar yadda kakanninmu suka yi ajami.